Kare Matsayin Shafin Intanet a Injin Bincike Yayin Ƙaura Zuwa Manhajar Sarrafa Shafi

Tsakure

Maƙalar ta duba dalilin da ke sa shafin intanet ya yi ƙasa a sakamakon Google bayan an mayar da shi kan manhajar sarrafa shafi irin WordPress ko Drupal. Hujjarta ita ce, darajar shafi tana liƙe da adireshinsa, don haka sauya adireshi ba tare da turawa ba shi ne babbar asara.

Gabatarwa

A 1998 Larry Page da Sergey Brin suka bayyana tsarin PageRank a Jami'ar Stanford. A tsarin, duk mahaɗar da wani shafi ya yi zuwa wani ana ƙirga ta a matsayin shaida, kuma da sunan adireshi ake rubuta shaidar. Tsohon shafin da aka gina da hannu yakan ƙare da .html, sabuwar manhaja kuwa tana raɗa nata sunayen. WordPress, wadda ta fito a 2003, tana iya ba kasida adireshi mai ƙarewa da ?p=123 idan ba a gyara mata tsari ba. Rubutun bai canza ba, amma a idon injin bincike baƙo ne, tsohon adireshin kuma ya koma kuskuren 404, wato ba a sami shafin ba.

Turawa da Sharuɗɗanta

Maganin shi ne turawa ta 301, wadda ke shaida wa injin cewa ƙaurar ta dindindin ce, saɓanin 302 mai nuna ta wucin gadi. Sai dai a nan ne akasari ake yin ganganci. Mai aiki ya gaji da jera adiresoshi, sai ya tura dukkansu zuwa shafin farko. Google na iya ɗaukar irin wannan a matsayin shafin da ya ɓata, domin wanda ya zo neman kasida kan farashin taki an ajiye shi a bakin ƙofa. Dole kowane tsohon adireshi ya sami takwaransa, kuma kai tsaye, ba ta sarƙar turawa ba, ko da yake Googlebot, manhajar Google mai leƙa shafuka, na bin har matakai 10. Google ta ba da shawarar a bar turawar aƙalla shekara 1.

Birtaniya ta bi wannan hanya. Da aka buɗe shafin gwamnati na GOV.UK ranar 17 ga Oktoba 2012 a madadin tsofaffin shafukan Directgov da Business Link, an tsara jadawalin da ke haɗa tsofaffin adiresoshi da sababbi, don kada mahaɗun da ke warwatse a intanet su mutu.

Wani tarkon ƙarami ne, amma ya fi saurin ɓarna. A saitin WordPress akwai akwatin da ake dannawa don hana injunan bincike shigar da shafi lokacin gwaji. Idan aka manta da shi a kunne ranar buɗewa, umarnin noindex zai riƙa fitar da shafukan daga sakamako, komai kyan turawar. Taswirar shafi ta XML da rahoton Search Console na Google ne za su tona hakan da wuri.

Shawara

Rawar matsayi ta 'yan makonni bayan ƙaura ba abin tsoro ba ce. Abin da marubucin ke ganin kuskure shi ne haɗa sauyin manhaja da na sunan shafi da na zane a rana ɗaya, don in masu ziyara suka ragu ba a san mai laifi ba. A fitar da jerin tsofaffin adiresoshi kafin a taɓa komai, kuma inda manhajar ta yarda a riƙe su yadda suke, a riƙe.