Ƙishirwar Tamale da Dutsen da ke Ƙarƙashinta

Ruwan sama da ke sauka a Tamale cikin shekara ɗaya yakan kai wajen milimita 1,100, wato ninki biyu na abin da Maraɗi ke samu. Duk da haka mutumin Maraɗi yakan haƙa rijiya a bakin gulbi ya tarar da ruwa, na Tamale kuwa sau da yawa sai ya haƙa har ya gaji bai ga ko danshi ba. Wannan al'amari ya daɗe yana damun mazaunan garin, Dagwamba da baƙinsu na Zango, tun kafin kowa ya iya bayyana dalilinsa.

Fataken Hausa sun san ƙishirwar wannan yanki tun zamanin da ayari ke zuwa Gwanja sayen goro. Salaga, wadda take kudu maso gabas da Tamale, ita ce babbar kasuwarsu, ana kuwa yi mata kirari da garin rijiya dubu. Yawan rijiyoyin nan ba alamar wadata ba ne. Akasarinsu ramuka ne da aka sassaƙa domin su tare ruwan damina, kowanne ɗan kaɗan yake riƙewa, shi ya sa aka yi ta haƙa wani kusa da wani. Bayan yaƙin basasar Salaga na 1892 fatake suka watsu zuwa Kete Karachi da Yeji da waɗansu garuruwa, daga baya jikokinsu da dama suka tare a Tamale.

Cikin shekara ta 1907 Turawan Ingila suka ɗauke hedkwatar Ƙasashen Arewa daga Gambaga suka kawo ta Tamale, a lokacin Kwamishina Watherston. Garin yana tsakiyar ƙasa, hanyoyi kuma sun haɗu a cikinsa, amma ba shi da kogi. Da alama ba a yi dogon tunani a kan abin da jama'a za su sha ba idan sun ƙaru. Sun kuwa ƙaru: ƙidayar 1960 ta sami mutum wajen 40,000, ta 2010 kuma ta sami fiye da 370,000 a birnin da kewayensa.

Amsar tambayar ta fito ne daga masu binciken duwatsu. An kafa ma'aikatarsu a 1913 a ƙarƙashin Albert Kitson, a 1946 kuma Junner da Hirst suka buga rahotonsu a kan duwatsu da ruwan kwarin Bolta. Abin da aka gane shi ne, Tamale tana zaune a kan wani makeken kwari wanda ya ci fiye da kashi 40 cikin 100 na ƙasar Gana. Fiye da shekara miliyan 500 da suka wuce, laka da yashi suka yi ta kwanciya a cikinsa, shimfiɗa bisa shimfiɗa, nauyin na sama yana danne na ƙasa har suka daskare suka zama dutse.

Ruwan ƙarƙashin ƙasa ba kogi ba ne da ke gudu cikin duhu, kamar yadda mutane da yawa suke zato. Yana zaune ne a 'yan kafofin da ke tsakanin ƙwayoyin ƙasa, da cikin tsagar dutse. In aka cika ƙwarya da yashi aka zuba ruwa, sai ya nutse nan da nan, gama ƙwayoyin yashi manya ne, kafofinsu kuma a haɗe suke. In aka cika ta da yumɓu, ruwan sai ya kwanta a sama. Mai ginin tukwane ta san wannan ba tare da ta je makaranta ba. To, dutsen da ke ƙarƙashin Tamale galibinsa na laka ne, ya kuma tsufa har kafofinsa sun toshe. Saboda haka ruwan damina ba ya samun hanyar shiga, sai ya kwarara ya cika kwaruruka ya wuce. Masu haƙa rijiyar burtsatse sukan yi dace ne kawai in sun faɗa kan tsaga, wani lokaci ma ruwan da suka samu yana da gishiri.

Abin da ya rage wa mutane shi ne su tare ruwa a sama, cikin tafkuna da ƙananan madatsai. Nan kuma rana ce ke karɓar nata rabon. Damina ɗaya ce a shekara, daga wajen Afrilu ko Mayu zuwa Oktoba. Bayanta hunturu ya zo da busasshiyar iska daga hamada, sa'an nan bazara, lokacin da zafi kan kai digiri 40 a watan Maris. Zafi da iska da bushewa, su ne ke mai da ruwa tururi, kuma abin da buɗaɗɗen tafki ke rasawa a shekara ya fi abin da sama ke zuba masa. Tafki mai faɗi marar zurfi ya fi saurin ƙafewa, domin daga fuskar ruwa tururin ke tashi.

Ruwan tafki kuwa shi ne gidan kurkunu. Akwai waɗansu 'yan ƙwari da ido ba ya cika ganinsu, suna haɗiye 'ya'yan tsutsar, mutum kuma ya sha su. Bayan kamar shekara guda tsutsar ta ɓullo a ƙafa, sau da yawa daidai lokacin noma. A 1988 shugaba Rawlings ya zagaya ƙauyukan arewa yana nuna yadda ake tace ruwa da ƙyalle, binciken 1989 kuma ya ƙidaya masu ciwon kusan 180,000 a Gana.

Tun 1972 aka fara jawo wa Tamale ruwa daga Farar Bolta. Ana ɗebo shi a Nawuni, a tace shi a Dalun, sa'an nan injuna su turo shi fiye da kilomita 30. Kogin yana ƙasa da garin, ruwa kuwa ba ya hawa tudu don kansa, sai an biya da wutar lantarki. Kowace mita 10 ta hawa tana bukatar matsi kamar nauyin kilo ɗaya a kan faɗin farcen yatsa, gogayyar ruwa da jikin bututu kuma tana cinye wani sashe a hanya. Shi ya sa unguwannin tudu da na ƙarshen bututu su ne farkon waɗanda famfonsu ke bushewa. A 2006 ruwan famfon ya tsaya na tsawon lokaci, mutanen Savelugu, arewa da Tamale, suka koma shan na tafki. Da shekara ta kewayo kurkunu ya ɓarke a garin, har Jimmy Carter ya je ya gani da idonsa a Fabrairun 2007. A shekarar an sami masu ciwo 3,358 a Gana. Aka faɗaɗa aikin Dalun a 2008, aka tsananta tacewa da tsaron tafkuna, adadin ya sauko zuwa 501, sa'an nan 242, sa'an nan 8 a 2010. A Janairun 2015 Hukumar Lafiya ta Duniya ta shaida cewa Gana ta rabu da ciwon.

An daɗe ba a ba 'ya'yan arewa damar koyon waɗannan abubuwa ba. Kudu ta sami Mfantsipim tun 1876, amma sai 1951 aka buɗe makarantar sakandare ta fari a Tamale, jami'a kuwa sai 1992. Ɗaliban makarantun garin a yanzu suna iya yin wani lissafi da kakanninsu ba a koya musu ba. Milimita ɗaya ta ruwan sama a kan murabba'in mita ɗaya lita ɗaya ce. Rufin kwano mai murabba'in mita 50 yana karɓar lita wajen 55,000 a damina guda, wato jarka 2,200 mai cin lita 25, irin wadda mata da yara ke bin layi da ita a watan Maris.