Abin da Maƙerar Gaya Ba Za Ta Iya Narkarwa Ba

Tarihin baka na ƙasar Kano ya nuna cewa maƙera ne daga Gaya, waɗanda ake kira Abagayawa, suka zo gindin Dutsen Dala neman tama, har aka ce sunan ɗayansu, Kano, shi ne ya bi garin. A wajen mutanen nan ƙarfe ba ya mutuwa. Idan fartanya ta cinye ko lauje ya karye, sai a mayar wa maƙeri, ya hura zugazugi, ya fitar da sabon abu. Har yau manomin Gaya ko Ajingi bai san zubar da tsohuwar garma ba.

Kwamfuta ce ta zo ta karya wannan tsari, domin ba ƙarfe ɗaya ba ce. A cikinta akwai jan ƙarfe da ɗan zinari, amma a cuɗe suke da roba da dalma. Gilashin tsofaffin allunan nan masu ƙaton ƙeya ma cike yake da dalma. Raba waɗannan ba tare da cutar da kowa ba sai da injina masu tsada, shi ya sa ƙasashen da suka ci moriyar kayan suka gwammace su turo mana su da sunan na hannu.

Najeriya ta taɓa ɗanɗana irin wannan. A 1988 aka gano dubban gangunan shara mai guba da aka kawo daga Italiya aka jibge a garin Koko, cikin Jihar Delta ta yau. A shekarar gwamnati ta kafa dokar hana shigo da irin wannan shara. Duniya ta ƙulla yarjejeniyar Basel a 1989, ƙasashen Afirka suka yi ta Bamako a 1991. Duk da haka, a 2005 ƙungiyar Basel Action Network ta ba da rahoton cewa kwantena kusan 500 na tsofaffin kayan lantarki ke sauka Legas duk wata, kuma mafi yawansu matattu ne. An kafa hukumar NESREA a 2007, ta fitar da ƙa'idojin kayan lantarki a 2011.

Sai dai doka ba ta bin kaya har ƙauye. Kwamfutar da ta mutu a makaranta ko a shago, ƙarshenta hannun ɗan gwangwan. Shi kuwa ba shi da injin, sai ashana. Ya ƙona waya ya zare jan ƙarfe, ya shaƙi hayaƙin, tokar ta bi ruwan damina zuwa gona da rijiya. Wanda ya tuna yadda gubar dalma daga haƙar zinari ta kashe yara sama da 400 a Zamfara a 2010 ya san ba abin wasa ba ne.

Ɗan gwangwan magajin maƙerin Gaya ne, shi ma ya ƙi yarda abu ya tafi a banza. Laifin ba nasa ba ne. Abin da ya rasa shi ne wurin da zai kai kayan a saya da daraja, yadda ba sai ya cinna musu wuta ba.