Garrard 301: Tarihin Garmahon da Ake Sayarwa Babu Mazauni

Garrard 301 injin juya faifan garmaho ne da kamfanin Garrard ya ƙera a garin Swindon na ƙasar Ingila daga 1954 zuwa 1965. An yi shi ne domin gidajen rediyo da ɗakunan naɗar sauti da masu son kiɗa da ke da halin saye, kuma ana ƙiyasta cewa an ƙera kimanin guda 65,000. Ba cikakke ake sayar da shi ba. Abin da mai saye zai samu a kwali shi ne allon ƙarfe ɗauke da inji da faranti da maɓallai uku, babu hannun allura, babu akwatin da zai zauna a kai. Shi zai nemo hannu da kansa, ya sa kafinta ya yi masa mazauni. Wannan mazaunin, da ba wanda ya ɗauke shi a bakin komai da farko, shi ya zubar da darajar injin a shekarun 1970, shi kuma ya dawo masa da ita daga baya.

Asalin kamfanin

Gidan Garrard na birnin Landan ya yi suna ne a ƙirar zinariya da azurfa, har Sarauniya Biktoriya ta naɗa shi maƙerin kayan adon masarauta a 1843. A 1915, ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Ɗaya, gidan ya buɗe wani reshe na injiniyoyi don ƙera na'urorin auna nisa na sojoji. Da yaƙi ya ƙare sai reshen ya nemi abin yi, ya koma Swindon a 1919, garin da ke cike da ƙwararrun maƙera saboda babbar masana'antar jirgin ƙasa da ke can. A nan suka shiga ƙera injinan garmaho masu wani, irin waɗanda ake murɗawa da hannu, suna sayar wa kamfanonin da ke haɗa garmaho. A farkon shekarun 1930 suka fitar da Garrard 201 mai aiki da lantarki, wanda BBC ta yi amfani da shi.

Sauyin da ya haifi 301 daga Amurka ya zo. A 1948 kamfanin Columbia ya fito da dogon faifai mai juyawa sau 33⅓ a minti, wanda kowane gefensa ke ɗaukar waƙa ta fiye da minti 20. A 1949 RCA Victor ya fito da ƙaramin faifai mai juyi 45. Tsohon faifai mai juyi 78 yana da gudu da faffaɗan zane, yana rufe asirin inji mara kyau. Sabon faifan kuwa a hankali yake tafiya, zanensa siriri ne ƙwarai, ko ɗan tangaɗi kaɗan injin ya yi sai kunne ya ji muryar mawaƙi tana karkarwa. Aka buƙaci inji mai juyi uku wanda ba ya tangaɗi. Injiniyan Garrard mai suna Edmund Mortimer shi ya jagoranci ƙirarsa.

Yadda yake aiki

Idan aka ɗaga farantin alminiyam ɗin, wanda faɗinsa inci 12 ne, za a ga sirrin injin a fili. Sandar injin lantarkin tana ɗauke da wani ɗan ƙarfe mai hawa uku, kowane hawa da kaurinsa, ɗaya na 33⅓, ɗaya na 45, ɗaya na 78. Tsakanin wannan ƙarfe da cikin bakin faranti akwai wata 'yar taya ta roba. In aka murɗa maɓallin kunnawa, tayar sai ta matso ta haɗa su biyun, inji ya juya taya, taya ta juya faranti. Maɓallin zaɓen gudu yana ɗaga tayar ne ko ya sauke ta zuwa hawan da ake so. Injin kansa ba a ɗaure shi da allon ba, a rataye yake da sifirin guda 6 don rage girgizar da ke ratsawa sama.

Maɓallin tsakiya shi ne mafi ban sha'awa. A jikin sandar injin akwai wani siririn faifan alminiyam da ke juyawa tsakanin leɓɓan maganaɗisu ba tare da ya taɓa su ba. Gwargwadon yadda maganaɗisun ya shigo kan faifan, gwargwadon yadda yake riƙe shi. Birki ne da ba ya gogar komai, don haka ba ya cinyewa, kuma da shi ake ƙara gudu ko a rage da kimanin kashi 2 cikin 100. Amfaninsa na biyu shi ne, injin kullum a cikin jan kaya yake, don haka in allura ta shiga wurin da kiɗa ya yi ƙarfi, tana ɗan riƙe faifai, gudun ba ya saurin sauka. Masu son 301 suna danganta kaurin sautinsa da ƙarfin bugun gangarsa da wannan.

Na farkon da aka ƙera fentinsu ruwan toka ne, kuma giris ake cusa wa gindin sandar farantinsu. Daga baya aka koma fenti mai launin madara, aka kuma mayar da gindin mai shan mai. Masu tara tsofaffin injina suna bambanta su da wannan har yau, kuma mai giris ya fi tsada a kasuwa.

Gurnani

A 1958 faifan sitiriyo ya shigo kasuwa. A faifan da, allura gefe da gefe kawai take kaɗawa, girgizar da ke tasowa daga ƙasa ba ta cika damunta ba. Allurar sitiriyo kuwa tana jin motsin sama da ƙasa, tana kuma mayar da shi sauti. Ita allura ba ta san bambancin motsin da mawaƙi ya bari a zane da motsin da inji ya aiko ba, duk ɗaya ne a wurinta, amfilifaya kuma ta ninka shi ta kai wa lasifika. Abin da ke fitowa shi ne wani gurnani mai kauri a ƙarƙashin waƙa, wanda aka fi ji a tsakanin waƙa da waƙa.

To, a ina ake ɗora 301 a wancan zamani? Kamfanin yana haɗa wa mai saye da takardar zanen da zai bi ya yanke katako. Yawanci siririn falanki ake yankewa a ɗora a bakin akwati mai rami, ko a cikin babban kabad tare da rediyo, wani lokaci har da lasifika a ciki. Akwati mai rami da siririn murfi, ai ƙirar ganga ke nan. Injin da ke da ƙarfi irin wannan, in aka kafa shi a kai, katakon sai ya ɗauki girgizar ya ƙara mata murya, ya miƙa ta ga hannun allura da ke kafe a kan katakon nan guda.

A daidai lokacin kuma wata dabara ta fito. A 1961 Edgar Villchur na kamfanin Acoustic Research a Amurka ya fitar da garmaho mai ƙaramin inji da siririn bel na roba, inda faranti da hannu ke rataye tare a kan sifirin, nesa da inji. A farkon shekarun 1970 Ivor Tiefenbrun ya fara ƙera Linn Sondek LP12 a Gilasgo bisa irin wannan tsari, mujallun Ingila suka rungume shi. Daga Japan kuma Technics ya kawo SP-10 a 1970 da SL-1200 a 1972, waɗanda farantinsu ke zaune kai tsaye a kan inji, gidajen rediyo suka koma kansu. Garrard ya maye gurbin 301 da 401 a 1965, mai ingantaccen inji da sabuwar siffa, ya kuma ci gaba da ƙera shi fiye da shekara 10, amma hukunci ya riga ya zauna a zukatan mutane cewa duk inji mai tayar roba mai gurnani ne. Hukuncin bai yi wa injin adalci ba, domin ba a raba laifinsa da na akwatinsa ba.

Kamfanin ma bai tsira ba. Gobara ta cinye masana'antarsa a 1958, kamfanin Plessey ya saye shi a 1960, ya kuma sayar wa Gradiente na ƙasar Barazil a 1979, aka kwashe aikin ƙira zuwa can. Da faifan CD ya fito a 1982, sai 301 ya zama tarkace. An yi ta sayar da shi da arha, wasu ma zubarwa aka yi.

Dawowa

Japanawa ne suka fara waiwayarsa. Masu sauraro a can, waɗanda dama ke farautar tsofaffin kayan sautin Turai da Amurka, suka yi ta sayen 301 suna kafa shi a kan katako mai nauyi wanda ba rami a cikinsa. Ken Shindo na Tokyo yana cikin waɗanda suka yi fice, ya gina nasa garmahon a kan 301 da ya gyara. Abin da suka gano mai sauƙi ne: in mazauni ya yi nauyi, ya kuma iya shanye girgiza, yawancin gurnanin sai ya ɓace, ƙarfin sautin kuma yana nan. A shekarun 1990 labarin ya koma Ingila. Terry O'Sullivan na kamfanin Loricraft ya shahara da gyaran 301 da 401, ya samu izinin amfani da sunan Garrard a 1997, har ya ƙera sabon samfuri mai lamba 501. Da intanet ta yaɗu, zanen yanka da dabarun gyara suka isa hannun kowa, mutane suka shiga yin mazauni a gidajensu. Guguwar ta ɗaga har da 'yan uwansa na ƙasar Suwizalan, Thorens TD 124 na 1957 da Lenco L75.

Yadda ake yin mazauni

Hanyar da ta fi yaɗuwa ita ce a jera filawud mai kyau, musamman na itacen bach da ake kawowa daga yankin tekun Baltik, falle 5 ko 6 ko fiye, a manne su da gam a matse har su zama dunƙule guda. Kowane falle da irin yankansa. Na sama raminsa ya fi faɗi don ƙarafan maɓallai su samu wurin motsi, na ƙasa kuma ana barin wurin inji da gindin sanda kawai, da 'yar kafar shan iska, domin injin yana ɗaukar zafi. Manufar ita ce kada a bar fili ko kaɗan da iska za ta yi amo a ciki. Wasu sukan sa wani abu dabam a tsakanin fallayen, don girgiza tana raunana duk lokacin da ta ƙetara daga abu zuwa wani. Wasu kuma baƙin dutse mai falle-falle da ake haƙowa a yankin Wales suke yankewa. Masu sana'ar ba su daina gardama a kan wanda ya fi ba: wasu na ganin dutse ya fi shiru, wasu na cewa katako ya fi rai.

Wurin da aikin gida ya fi lalacewa shi ne ramin hannu. Kowane hannu yana da tazarar da maƙerinsa ya ƙayyade tsakanin tsakiyar faranti da gindin hannun, kuma da milimita ake auna ta. In aka kuskure, allura za ta karkace a cikin zane, sauti ya dishe a waƙoƙin ƙarshe, faifai ya ci. Shi ya sa masu wayo ke yin wani ɗan allo na dabam mai cirewa don hannu. Hannun da aka fi haɗa 301 da shi shi ne na kamfanin SME, wanda Alastair Robertson-Aikman ya fara fitarwa a 1959, mai inci 9 da mai inci 12. Mai son dogon dole ya faɗaɗa mazauninsa tun wurin awo.

Gyaran injin

Mazauni ba ya warkar da injin da ya gaji. Ana kwance shi ne gaba ɗaya, a wanke tsohon giris da ya daskare, a share ramin sanda a duba ko ya cinye, a zuba sabon mai. Ana buɗe injin lantarkin a jiƙa bushin ɗinsa da mai, a daidaita shi har sandar ta riƙa juyawa da ɗan taɓi. Tayar roba ita ce ta fi shan wahalar shekaru: takan taurare, ko ta lotsa a gefe guda in an daɗe da barin ta a matse, sai a ji ƙwas-ƙwas a kowane zagaye. Ana sake mata roba ko a sayi sabuwa. Sifirin da suka saki da tsofaffin wayoyi su ma ana canza su. Akwai gargaɗi guda da ya shafi lafiya: ƙarafan da ke ƙarƙashin allon an lulluɓe su da kadmiyam, wanda guba ne. Kada a goge su da samfefa, kada a hura ƙurarsu, a sa safar hannu.

Ga mai karatu a Najeriya ko Nijar, akwai batun wuta. Gudun injin yana bin bugun lantarki ne. Wutar ƙasashen nan bugu 50 take yi a daƙiƙa kamar ta Ingila, ta Amurka kuma 60. Injin da aka shirya wa Amurka, in aka kunna shi a Kano ba tare da an canza ɗan ƙarfen nan mai hawa uku ba, 33⅓ zai sauko ƙasa da 28, kuma birkin maganaɗisu ba zai iya cike giɓin ba. Ƙarfin wutar ma sai an sauya masa. Haka janareton da bugunsa ke hawa da sauka zai riƙa jan muryar mawaƙi sama da ƙasa. Zafi da bushewar hunturu kuma suna saurin taurara roba, suna tsaga katakon da bai bushe ba kafin a manne shi. Wanda ke riƙe da faya-fayan Mamman Shata ko Ɗan Maraya Jos da ya gada, ya tabbata allurarsa sabuwa ce kuma nauyinta daidai ne kafin ya ɗora su, don allurar da ta ci tana ɓata zane, zanen kuma ba ya gyaruwa.

A 2018 masu kamfanin SME suka sayi sunan Garrard tare da Loricraft, suka fara sayar da tsofaffin 301 da aka sabunta, wannan karon da mazauni da hannu a haɗe. A 2022, a karon farko tun 1987, yawan faifan garmahon da aka sayar a Amurka ya zarce na CD.