Biyan Kuɗin Hanya Ba da Tsaba Ba

Kuɗin hanya wani haraji ne da ake karɓa daga masu motoci a shingayen manyan tituna da gadoji domin gyara su. A Nijar, asusun CAFER ne aka ɗora wa wannan aiki a 1999, kafin asusun FER ya gaje shi. Al'amarin ya shafi gundumar Madarumfa ta jihar Maraɗi, domin ta cikinta titin Maraɗi zuwa Ɗan Isa ya ratsa har iyakar Jibiya, inda manyan motocin kaya ke zirga-zirga zuwa Katsina da Kano.

Biyan wannan kuɗi ba da tsaba ba yana nufin direba ya biya da kati da aka zuba wa kuɗi, ko da asusun wayar salula irin Airtel Money, ko da wata 'yar na'ura da ake liƙawa a gilashin mota, wadda shingen ke karantawa ya cire kuɗin da kansa. Alal misali, babbar hanyar Dakar zuwa Diamniadio, wadda aka buɗe a 2013, tana amfani da irin wannan tsari. Amfaninsa shi ne rage cunkoso da toshe kafar ɓatan kuɗi, amma yana buƙatar tsayayyar wutar lantarki da layin sadarwa mai ƙarfi.