Harran: Birnin Malamai Da Ya Koma Ƙauye

Mai karatu, idan ka taɓa buɗe littafin Shaihul Islam Ibn Taimiyya, za ka ga a ƙarshen sunansa an rubuta "Al-Harrani". Wannan laƙabi sunan garinsu ne, Harran, wanda a yau ƙaramar gunduma ce a lardin Shanliurfa da ke kudu maso gabashin Turkiyya, kimanin kilomita 44 daga birnin Urfa, dab da iyakar Siriya.

Garin yana zaune ne a kan shimfiɗaɗɗen fili mai tsananin zafi da rani, babu daji babu inuwar kirki, sai tsaunukan Tektek daga gabas. Abin da ya raya shi tun fil azal shi ne hanya da ruwa. Ayarin fatake masu tasowa daga Iraƙi zuwa Sham a nan suke yada zango, ga kuma ƙoramun da ke gangarawa kogin Balikh. Attaura ta ambaci cewa Annabi Ibrahim (AS) ya zauna a garin kafin ya wuce ƙasar Kan'ana. A wancan zamani mutanen wurin wata suke bauta wa, suna kiransa Sin. A kusa da garin ne kuma Fartiyawa na ƙasar Farisa suka ragargaza rundunar Rumawa a shekara ta 53 kafin haihuwar Annabi Isa (AS).

Musulmi sun karɓi garin a zamanin Sayyidina Umar, ƙarƙashin jagorancin Iyad bin Ganam. A shekarar 744 Marwan na Biyu, halifan Banu Umayya na ƙarshe, ya mai da shi fadar mulkinsa. Kangon babban masallacin garin yana nan har gobe, da hasumiyarsa mai kusurwa huɗu wadda ta haura mita 30. Daga wannan yanki ne aka sami Sabit bin Ƙurra, masanin lissafi da ya fassara littattafan Girkawa zuwa Larabci a Bagadaza, da Al-Battani, gwanin ilimin taurari wanda Turawa suka daɗe suna amfana da lissafinsa.

To amma duniya rawar 'yan mata ce. Mongoliyawa sun kama Harran a 1260. Bayan shekara uku aka haifi Ibn Taimiyya, yana ɗan yaro iyayensa suka ɗauke shi suka yi hijira zuwa Dimashƙa. Wajen 1271 Mongoliyawan suka kwashe sauran jama'ar, aka bar gari kufai. Hanyar fatake ta sauya, magudanan ruwa suka toshe, birni bai sake tashi ba.

Bayan ɗaruruwan shekaru Larabawa makiyaya suka zauna a kan kufan. Da yake babu itacen rufi, sai suka tsinci tubalin tsohon birnin suka gina ɗakuna masu tsinin kai, kai ka ce rumbuna ne aka jera. Kowane ɗaki da ƙaramar kafa a ƙoli inda hayaƙi da zafi ke fita, shi ya sa cikinsa ke da sanyi ko da rana ta take. Yanzu akasarin mutanen sun koma gidajen siminti, ɗakunan sun zama wajen ajiya da abin kallon baƙi.

Ruwa ya dawo filin Harran a 1995, ta manyan ramukan da aka haƙa daga madatsar Ataturk a kan kogin Furat. Ƙasa ta yi kore, auduga ta kawo kuɗi. Sai dai yawan ban ruwa ba tare da isassun magudanai ba ya sa gishiri ya taso a wasu gonakin, yana kashe amfani. Garin da rashin ruwa ya taimaka wajen durƙusar da shi, yau yawan ruwan ne manomansa ke fama da shi.

Allah Ya raya mana garuruwanmu, amin.