Bargon Ƙyallaye na Matan Gee's Bend

A kudancin jihar Alabama ta Amurka akwai wani lungu da kogin Alabama ya yi wa ƙawanya ta ɓangare uku, ya bar masa hanya ɗaya tak ta tudu. Sunansa a takardun hukuma Boykin, amma duniya ta fi saninsa da Gee's Bend. Mazaunansa baƙaƙen fata ne 'yan ɗaruruwa, kuma abin da ya fito da sunansu bargo ne da matan garin ke ɗinkawa da ragowar ƙyallaye da tsofaffin tufafi. Hawa uku ake yi wa bargon: ƙyallayen da aka harhaɗa a sama, auduga a tsakiya, shafi a ƙasa, sannan a bi su da allura da zare a kama su wuri guda. Tun da aka rataye waɗannan barguna a manyan gidajen baje kolin zane-zane, masana ke ta neman inda gwanintar ta samo asali. Wasu sun jingina ta da zanen zamani na Turawa, wasu sun dawo da ita Afirka ta Yamma. A ganina duka ɓangarorin biyu sun tsallake amsar da ke gabansu, domin tarihin garin da hannun matan da suka yi aikin sun isa bayani.

A 1816 wani bature mai suna Joseph Gee ya taso daga Karolina ta Arewa ya kafa gandun auduga a wannan kwana ta kogi. A 1845 gandun ya koma hannun danginsa Mark Pettway a madadin bashi, shekara guda bayan haka kuma ya koro bayi kimanin 100 a ƙafa tun daga Karolina zuwa Alabama. Shi ya sa har yau gidaje da yawa a garin ke amsa sunan Pettway, sunan ubangidan da ya mallaki kakanninsu. Da aka soke bauta a 1865 mutanen ba su tashi ba, sun ci gaba da noma gonakin a matsayin 'yan haya, suna cin bashin iri da abinci daga 'yan kasuwar garin Camden da ke tsallaken kogi, a biya da auduga in kaka ta yi. Da farashin auduga ya faɗi warwas a farkon shekarun 1930 bashin ya gagari biya, kuma a 1932, bayan rasuwar ɗan kasuwar da ke ba su rance, magadansa suka aiko aka kwashe dabbobi da kayan noma da abincin da ke rumbu. Agajin ƙungiyar Red Cross ne ya fitar da su daga hunturun wannan shekara. Hotunan da Arthur Rothstein ya ɗauka wa gwamnati a 1937 sun nuna ɗakunan katako da aka liƙe bangonsu da tsofaffin jaridu don tare iska. A irin wannan ɗaki bargo maganin sanyi ne, ana jibga da yawa a gado ɗaya, kuma macen da ke da 'ya'ya barkatai dole ta ɗinka su da hannunta, da abin da ta samu.

Abin da ta samu kuwa shi ne wandon aikin miji da ya mutu a gwiwa, da rigar da ta yi wa yaro kaɗan, da buhun fulawa ko na taki da aka wanke aka farke. Audugar ciki ana tsinto ta a gona bayan girbi ko a tattaro ragowar da ta zube a wurin injin gurza, a bubbuga ta da sanda har ta yi laushi. Wanda ya dubi shahararren bargon da Annie Mae Young ta ɗinka a 1976 zai ga wannan da idonsa. Gefunansa ƙafafuwan wandunan jins ne da rana da wanki suka koɗar, amma a wuraren da aka ɓalle aljihu shuɗin na nan da duhunsa, tabo-tabo, a siffar aljihun da ya tsare shi shekara da shekaru. A tsakiya kuma ta jera siraran ƙyallaye ja da ruwan goro da ruwan ƙasa, suna ci kamar garwashi a cikin toka. Akwai kuma bargon Missouri Pettway na 1942, wanda ta haɗa da tufafin aikin mijinta Nathaniel bayan rasuwarsa, don ta riƙa rufa da su. 'Yarta Arlonzia, wadda ta taya ta farke kayan, ita ta ba da labarin daga baya.

Har canjin yadin da ake gani a bargunan yana bin tarihin garin sau da ƙafa. A 1962, lokacin da mutanen Gee's Bend suka fara ƙetarawa Camden don yin rajistar zaɓe, hukuma ta dakatar da jirgin fiton da ke haɗa su da Camden, tafiyar da ba ta taka kara ta karya ba ta zama doguwar hanya ta zagaye. Jagoran fafutukar 'yancin baƙaƙen fata Martin Luther King ya ziyarce su a 1965, kuma alfadaran Gee's Bend ne suka ja keken da ya ɗauki gawarsa a 1968. A 1966 matan yankin, da taimakon wani limamin coci mai suna Francis Walter, suka kafa ƙungiyar ɗinki ta haɗin gwiwa mai suna Freedom Quilting Bee. A 1972 ƙungiyar ta sami kwangila daga kamfanin Sears ta ɗinka rigunan matashi da wani yadi mai kauri mai layi-layi, mai laushin karammiski. Ragowar yankan da ke zuba ƙasa matan suka riƙa kwashewa zuwa gida, shi ya sa bargunan shekarun 1970 suka cika da wannan yadi mai launin kore da ja da ruwan zinariya. Yadin ya sauya, amma tsarin hannun kowane gida bai sauya ba.

A nan ne masu jingina aikin da zanen Turawa suka yi kuskure, ko da yake da kyakkyawar niyya. Bayan da William Arnett, mai tara kayan fasaha, ya ga hoton bargon Annie Mae Young ya bi sawunsa har garin a ƙarshen shekarun 1990, an baje bargunan a Houston a 2002, sannan a gidan baje koli na Whitney da ke New York, marubuta suka yi ta kwatanta su da ayyukan masu zanen Turai Matisse da Paul Klee. Mai wannan ra'ayi zai ce kwatancen ne ya buɗe wa matan ƙofa, kuma da gaskiyarsa, domin a 2006 ma'aikatar gidan waya ta Amurka ta buga hotunan bargunan a jikin kan sarki guda 10. Sai dai yabon da ke cewa aikinka ya yi kyau saboda ya yi kama da na wani yana mayar da kai mai sa'a, wanda ya dace da kyau ba da saninsa ba. Matan nan suna da tsare-tsaren da suka sani da sunayensu, kamar wanda suke kira rufin ɗaki, inda ake kewaya ƙaramar murabba'a da zirin ƙyalle, a sake kewayawa, har bargon ya cika. Yarinya na koyonsa a wurin uwa da kaka, tana ganin na maƙwabta idan an shanya a kan waya, sannan ta karya ƙa'idar da gangan inda ta ga dama. Talauci ya ba su ƙyallen, amma ba talauci ne ya zaɓi inda za a sa jan nan guda ɗaya a tsakiyar shuɗi ba.

Ra'ayi na biyu ya fi jan hankalin Bahaushe. Masani Robert Farris Thompson a littafinsa na 1983, da Maude Wahlman bayansa, sun ce jera dogayen ƙyallaye gefe da gefe gado ne daga saƙar Afirka ta Yamma. Duk wanda ya san yadda masaƙa ke fitar da zirin saƙa siriri, a jera a ɗinke ya zama luru ko gwado ko babbar riga, zai ga kamar, kuma ba abin mamaki ba ne a ce wani ɗanɗano na ido ya tsira a cikin jikokin bayi. Amma kama da wane ba ta wane. Saƙar ziri a ƙasashenmu galibi sana'ar maza ce, kuma ana saƙa zirin ne sabo, daidai da awon da ake so, alhali ɗinkin Gee's Bend aikin mata ne da tsohon yadi. Amurka ta haramta shigo da bayi tun 1808, mafi tsufan bargunan garin da suka rage kuwa na ƙarni na 20 ne, babu wata shaida a hannu da ta cike wannan tazara. Sannan ƙafar wando in aka farke ta doguwar siririya take fita, ko a hannun wa. Fararen fata matalauta na tsaunukan Apalaciya sun yi bargon ziri, matan Bengal sun haɗa tsofaffin zannuwa sun yi kantha, manoman arewacin Japan sun yi boro da faci kan faci. Cuesta Benberry, baƙar fata masaniyar tarihin bargo, ta yi gargaɗi tun farkon shekarun 1990 cewa wannan ra'ayi yana ƙuntata aikin baƙaƙen mata a salo ɗaya, alhali da yawansu sun ɗinka tsare-tsare masu awo da daidaito irin na kowa.

Dalilin da ya sa na damu da wannan muhawara shi ne tana shafar wanda ake ba haƙƙi. In aka ce kyan bargon na Turai ne ko na kakannin da ba a san sunansu ba, macen da ta zauna dare da fitila tana lissafin yadda ƙyalle kaɗan zai rufe gado sai ta ɓace daga labarin, kuma daga ɓacewar suna zuwa ɓacewar kuɗi ba nisa. Matan sun kafa ƙungiyar kansu a 2003 don sayar da aikinsu, wasunsu kuma sun kai ƙara kotu a 2007 kan yadda ake cin gajiyar bargunansu. An dawo da jirgin fiton a 2006, bayan shekara 44 da tsayar da shi. A 2015 gwamnatin Amurka ta ba Mary Lee Bendolph da Lucy Mingo da Loretta Pettway babbar lambar yabonta ta fasahar gargajiya, kowace da sunanta, kuma haka ya kamata a rubuta tarihin wannan sana'a tun farko.