Sansanin hunturu a bakin kanal: yadda ruwan Tiga ya sauya wa 'yan sikawut aiki

Harkar sikawut ta samo asali ne daga sansanin da Baden-Powell ya kai yara tsibirin Brownsea a Ingila a 1907, ta iso Najeriya a 1915, ta bi makarantun boko har ta kai ƙasar Kano. Littattafan da suka zo da ita na yankin ruwan sama da dusar ƙanƙara ne. Namu sanyin kuwa na hunturu ne, mai hazo da ƙura da fason ƙafa, don haka malamanmu na farko sai da suka ƙago nasu tsarin.

A zamaninsu hutun Disamba shi ne lokacin fita. An gama girbi, gonaki sun zama fili, karan dawa ga shi nan a tare. Malami ya gai da dagaci, a nuna masa gindin tsamiya, a kafa tanti. Wahalar ɗaya ce, ruwa: yara na jeruwa da bokiti zuwa rijiyar gari tun asuba.

Sai gwamnatin Audu Bako ta gina madatsar Tiga, aka kammala a 1974, ruwa ya biyo kanal zuwa Kadawa da Kura da Bunkure. Hukumar Kogin Hadeja da Jama'are, wadda aka kafa a 1976, ita ke kula da shi. Tun daga nan filin rani ya zama gonar alkama da tumatir da albasa. Wurin kafa tanti ya yi wuya, domin duk inda ka sa ƙafa shukar wani ce. Dole muka koma filayen firamare, muka kuma koyi neman izinin manomi kafin na kowa.

Ruwan ya zo da nasa darasi. Sanyin bakin kanal mai laima ne, yana tasowa daga ƙasa, ya ratsa tabarma kafin asuba. Manoman da ke kwana ban-ruwa su suka koya mana shimfiɗa bambaro da buhu a ƙarƙashin tabarma, da juya ƙofar tanti ta ba iskar arewa maso gabas baya. Sauro, wanda a da hunturu ke kora, a nan ba ya tafiya, sai gidan sauro ya shiga jerin kaya tare da bargo da hular sanyi da man kaɗanya. Wanka a kanal kuwa mun hana, saboda tsargiya da kuma ƙarfin ruwa kusa da ƙofofin sakinsa. Gawayi ma ba ya shiga tanti, komai roƙon yara, don hayaƙinsa na kisa cikin barci.

Da safe za ka ga yaro ɗan birni, leɓe a tsage, ya rungume kofin koko da hannu biyu, yana tambayar wani dattijo: "Baba, wannan ciyawar ta mece ce?" A ce masa alkama ce, ita ake yin alkaki da ita.

Yau fita ta ragu. Iyaye na fargabar tsaro, kuɗin mota ya hau, makarantu da yawa sun bar sikawut a fareti kawai. Shugabannin makarantu, Kura ba ta da nisa daga Kano a kan hanyar Zariya. Ku nemi yardar iyaye da ta masu gari, ku bar yaran nan su kwana biyu a fili.